Bel uku a wata guda: me ke cinye bel ɗin injin yankan ciyawa na hawa?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga matsala daga wani mamba mai kula da filin ƙwallon wata makaranta. Injin yankan ciyawa ne irin na hawa, kaskonsa, wato rumfar ƙarfen da wuƙaƙe ke ciki a ƙasan injin, inci 42, wuƙa biyu, kuma da liba ake saka wuƙaƙen, ba da maɓalli ba. Ɗan gwanjo ne, takardar lambar da ke ƙarƙashin kujera ta goge. Daga faɗuwar damina zuwa yau bel uku ya ci. Na farko ya tsinke, kuma daidai wurin ya sirance ya yi baƙi kamar tsawon yatsa. Na biyu ko minti goma bai yi ba ya fara hayaƙi, bayansa ya saɓule. Na uku bai tsinke ba, amma da an ja liba sai ya yi tsalle ya faɗo. Na biyu da na uku a kasuwa aka saye su, lamba A94. Masana, bismillah.

Oga Makanike:
Wa alaikumus salam, Shugaba. Ya adana duka ukun, don kowanne da abin da ya kashe shi.

Na farkon, bel ne ya tsaya cak, fulin inji, wato faifan da ke jan bel ɗin, yana ta juyawa a wuri ɗaya har ya ƙone shi. Bel kuwa ba ya tsayawa sai wuƙa ta tsaya. Ko ta bugi dutse ko kututture, ko waya da leda sun nannaɗe shaf ɗinta, ko boris ɗin shaf ɗin ya kama. Daƙiƙa kaɗan sun isa a yi wannan ɓarnar.

Na biyun kuskuren sakawa ne. A gefen fulin inji da wasu fulin kasko akwai 'yan ƙarafa da ke tare bel kada ya fita, mu ce masu gadi. Dole bel ya bi ta tsakanin fuli da mai gadi. In ya bi ta wajen ko da guda ɗaya, zai riƙa gogar ƙarfe tsagwaronsa, kuma abin da aka gani ke nan.

Na ukun sai an sa hannu. Amma kafin a sa hannun: a kashe inji, a zare makulli, a cire wayar fulogi, biyu in mai silinda biyu ne, a kulle birki, a bar salansa ta huce. Wuƙa a kama ta da safar hannu mai kauri.

Injiniya:
Bari in ɗora kan lamba, don nan ake yawan faɗuwa. Bel ɗin A faɗinsa rabin inci ne, wato milimita 13, na B kuma milimita 17. Lambar da ke jikin A tsawon ciki ce, ba na waje ba. Ana ƙara inci 2 a sami na waje, don haka A94 inci 96 ne in ka zagaya tef ta bayansa. A B inci 3 ake ƙarawa. Masu lamba 4L da 5L kuwa tsawon waje suke faɗa kai tsaye: 4L950 inci 95 ne, daidai da A93.

Sannan "inci 42" faɗin yanka ne kawai, bai faɗi tsawon bel ba. Bel ɗin kaskon 42 na John Deere jerin 100, mai lamba GX20072, ya kai wajen inci 104. Na Husqvarna da Craftsman mai lamba 144959, shi ma na kaskon 42, inci 95 da rabi ne. Kun ga wannan na biyun ya faɗa tsakanin A93 da A94. Ɗaya ya gaza da rabin inci, ɗaya ya zarce da rabin inci. A injin da liba ke saka wuƙa, rabin incin nan ba wasa ba ne: in ya zarce, bel ya riƙa zamewa yana faɗowa, in ya gaza, wuƙa ta ƙi tsayawa ko an saki liba.

Mai Shagon Bel:
Injiniya, a yi adalci. Bel ɗin A ɗin nan shi ke jan injin markaɗe daga asuba zuwa magariba, shekara guda bai ce uffan ba. Na kamfani tsada gare shi, kuma sai an yi oda an jira, ciyawa kuwa ba ta jira a watan Agusta. Ya za a ce A bai iya jan wuƙa biyu?

Injiniya:
Alhaji, ba a ce A ba shi da ƙarfi ba, aikin ne ba ɗaya ba. A injin markaɗe fuli biyu ne, suna kallon juna, an ɗaure bel sau ɗaya shi ke nan. A nan kuwa bel yana lanƙwasa ta gaba a kan fuli mai kwarmi, ya sake lanƙwasa ta baya a kan fuli mai sulɓi, sau da yawa a kowane zagaye. Fulin inji yana sama a jikin firam, kasko yana ƙasa yana hawa yana sauka, don haka a karkace bel ɗin yake gudu, kuma karkatar tana canzawa duk lokacin da aka sauya tsayin yanka. Uwa uba, a injin liba bel ɗin shi ne kuloci. In an saki liba dole ya kwanta sakwa-sakwa fulin inji yana juyawa a cikinsa bai kama ba, in an ja kuma ya ɗan zame kafin ya kama. Shi ya sa na injin ciyawa ake naɗe shi da busasshen yadi, zaren cikinsa kuma na aramid ne, wanda aka fi sani da Kevlar, ba ya miƙewa kamar zaren foliyesta na A gama-gari.

Mai Shagon Bel:
To na ji wannan. Amma wanda ba shi da na kamfani a hannu fa?

Injiniya:
Ya nemi mai zaren aramid, yawanci da harafin K a ƙarshen lambar, kamar A93K, ko irin PoweRated na Gates. Launi ba shaida ba ne, a karanta rubutun jiki. In babu sai gama-gari, a ɗauki wanda aka naɗe da yadi, a sani na wucin gadi ne. Wanda ba a so sam shi ne mai haƙora a ciki da gefensa roba tsirara, irin AX. Yana cafkewa nan take, wuƙa ta riƙa juyawa ko an saki liba.

Ɗan Koyo:
Oga, tunda lambar injin ta goge, ya za a san tsawon gaskiya?

Oga Makanike:
Bel na farko shi ne shaidarku in shi ne ya zo da injin. A duba bayansa da kyau a rana, sau da yawa lambar tana nan ko ta dushe. In babu, a shimfiɗa shi a ƙasa a miƙe, a auna ta baya da tef. A tuna tsohon bel ya ɗan miƙe, don haka in awo ya faɗa tsakanin lamba biyu, ta ƙasa ta fi kusa da gaskiya. In bel ɗin ya ɓace gaba ɗaya, a sami igiya mai kaurin rabin inci a bi da ita duk hanyar bel, a ja liba har fulin matsi, wato wanda ke matse bel, ya zo inda yake tsayawa lokacin aiki, a ja igiyar ta yi tsam, a yi alama. Igiya siririya tana nutsewa can ƙasan kwarmi ta ba da awo gajere.

Akwai kuma lambobi da ake bugawa a jikin fuli, gidan shaf, ko wuƙar kanta. Da su ana gane kamfanin da ya yi kaskon.

Baba Mai Walda:
Ku yara kun tsaya kan bel. A sauke kaskon nan ƙasa a gani. Kaskon da ya bugi kututture har bel ya ƙone, da wuya bai lanƙwasa wani wuri ba.

Oga Makanike:
Gaskiyar Baba ce. Ana iya canza bel kasko na jiki a injina da yawa, amma a wannan matsalar a sauke shi. Ba wuya. A ajiye inji a siminti shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, a sauke liban tsayi zuwa ƙasa ƙarshe. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton hanyar bel da waya, a kuma leƙa ƙarƙashin matakin ƙafa ko saman kaskon, galibi akwai zanen hanyar a manne. A zame bel daga fulin inji. A cire fin da ke riƙe kebul ɗin liba da sifirin ɗinsa. A cire fin da washa na hannayen rataya biyu na baya, sannan sandar gaba. A ɗaga liban tsayi sama don hannayen su kauce, a karya sitiyari hagu, a jawo kaskon ta dama. Fin da washa a zuba a gwangwani, in suka faɗa ciyawa an yi sallama da su.

Da ya fito, a cire murafun da ke rufe fulin wuƙaƙe. Nan ake samun busasshiyar ciyawa ta daskare, wani lokaci har da sheƙar ɓera. A kankare kwarmin kowane fuli, don laka da ta bushe a ciki tana ɗaga bel ya hau baki.

Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Fulin wuƙa a juya shi: ya tafi sumul, ba ƙara. A kama bakin wuƙa a jijjiga sama da ƙasa, in akwai motsi ko ƙas-ƙas, boris ya tafi. A injin liba akwai ɗan birki da ke danna fulin wuƙa in an saki liba, sai a ja shi baya da hannu kafin a gwada, kada a ɗauka boris ne ya kama. Fuli mai sulɓi in ka murza shi ya yi ta gudu yana shuu kamar kurar yara, giris ɗinsa ya ƙare, ya kusa mutuwa. Mai lafiya ɗan zagaye kaɗan yake yi ya tsaya shiru.

Wanda aka fi mantawa shi ne hannun da fulin matsi ke kai. Dole ya tafi ya dawo ba tare da ya sarƙe ba. Tsatsa da ƙasa suna kama shi a mahaɗa, sai a ja liba amma fulin bai isa inda zai matse bel ba. In kuma bushin ɗin mahaɗar ya cinye, hannun yana kwantawa gefe, fulin ya karkace, ya riƙa tura bel waje. Ni a kan bel na uku nan na fi zargi.

Injiniya:
Ƙari kan boris: a yawancin waɗannan kasake 6203 ne ko 6204, masu murfin roba gefe biyu, 2RS. 6203 raminsa milimita 17, wajensa 40. 6204 rami 20, waje 47. Ana samun su a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba wahala. Sai dai a auna shaf kafin a saya, don injinan Amurka wani lokaci ramin boris ɗinsu na inci ne, kamar 5/8, ko da wajen ya yi daidai da 6203. Kuma a canza na sama da na ƙasa tare.

Akwai gwajin fuli mai sauƙi. A sa sabon bel a kwarmi a danna. Gefensa biyu ne ya kamata su kama, bayansa ya yi daidai da bakin fuli ko ya ɗan ɗara. In ya nutse har cikinsa ya taɓa ƙasan kwarmi, ko ka ga ƙasan kwarmin yana ƙyalli, fulin ya cinye, ko an sa A a inda B ya kamata.

Baba Mai Walda:
A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a saman fulin wuƙa biyun. In bai kwanta a kan duka biyun ba, kaskon ya lotsa a gindin shaf ɗaya. A duba tsagewa kusa da notinan gidan shaf da kunnuwan rataya. Tsagewa a yi mata walda ta ciki da waje, amma a cire gidan shaf tukuna, zafi na narkar da giris, kuma gidan na alminiyam ne.

Ɗan Koyo:
Wajen sakawa, in bel ya yi tauri ba a ɗan taimaka masa da sukundireba?

Oga Makanike:
Kul! Wannan ita ce hanyar kashe sabon bel tun bai yi aiki ba. Sukundireba tana tsinka zaren ciki ta gefe ɗaya, waje ba a ga komai, amma daga ranar bel ɗin zai riƙa juyewa a kwarmi ko ya yi ta faɗowa. Ba mamaki abin da ya sami na uku ke nan ma. A saki fulin matsi, in mai gadi ya hana shiga a kwance notin fulin a ɗaga shi kaɗan, a sa bel, a mayar. Ƙa'idar hanya ɗaya ce: gefen V yana shiga fuli mai kwarmi, baya mai faɗi yana kwanciya a fuli mai sulɓi. In ka ga akasin haka a wani wuri, ka ɓata hanya. Fulin inji shi ne na ƙarshe, bayan an mayar da kasko.

In an gama, a ja liba inji a kashe, a bi bel da yatsa tun daga fulin inji har a dawo. Tsakaninsa da kowane mai gadi a sami kamar milimita 3, bai taɓa ba, bai kuma yi nisan da bel zai tsallake ba. Sifirin ɗin kebul ya miƙe a fili, a ga haske tsakanin zobbansa. Birkin wuƙa ya ɗaga daga fuli gaba ɗaya. A saki liba, birki ya koma ya danna. Bayan an tayar, wuƙa ta tsaya cikin daƙiƙa 5 da sakin liba.

Injiniya:
Kada a manta da daidaita kasko bayan mayarwa, don karkatarsa na shafar yadda bel ke shiga fulin inji. A fara da iskar taya. A yawancin irin waɗannan ƙananan injina gaba 14 ne, baya 10 a ma'aunin psi, ba irin iskar mota da mai faci zai danna ba. Sannan a auna daga ƙasa zuwa bakin wuƙa: hagu da dama su zo ɗaya, gaba kuma ta fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6.

Oga Makanike:
Kuma direban ya daina jan liba yana tsakiyar ciyawa mai kai gwiwa. A fito fili, a ɗaga kasko, a ba da totur cikakke, sannan a saka wuƙa a hankali.

Mai Wayarin:
Oga, nan zan ɗan saɓa. A masu kulocin lantarki, maɓalli bai san "a hankali" ba, cafka ɗaya yake yi. In inji na kan cikakken totur, duk bugun a kan bel da sifirin yake sauka. Gara a saka a rabin totur, sannan a ƙara.

Oga Makanike:
A rabin totur ƙaramin inji mai silinda ɗaya yana iya shaƙewa ya mutu, musamman da sanyin safiya.

Injiniya:
Littattafan kamfanoni ma sun bambanta a kan wannan, kowa ya bi na injinsa. Inda ba saɓani: yanka kansa da cikakken totur ake yi, kuma ba a saka wuƙa cikin kaya. Ciyawar damina in ta yi tsawo a yanke ta sau biyu, farko a sama, sannan a sauko. A bar raɓa ta bushe. Kuma wani ya zaga filin da ƙafa tukuna ya tsince waya, leda da duwatsun da yara ke kafa raga da su.

Mai Wayarin:
Tunda an taɓo kulocin lantarki: in an danna maɓalli wuƙa ba ta juya ba, kada a fara zargin bel. A saurari ƙaf ɗin kulocin. In babu, a duba fiyus, makunnin da ke ƙarƙashin kujera, da ƙarfin batir. A zare soket ɗin kulocin a auna da mita, mai lafiya yana ba da kamar om 2 zuwa 4. In yana kamawa da sanyi ya saki in ya yi zafi, tazarar farantinsa ta buɗe. Masu noti uku ana matse su a dawo da ita wajen milimita 0.3 zuwa 0.4 da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, daidai a duka ramuka ukun.

Ɗan Koyo:
To ɗaya bel ɗin fa, na tafiya? In inji ya rage ƙarfi a hawa, shi ne?

Oga Makanike:
Wani lokaci. In bel ne, za ka ji ƙauri ko kuka, gefensa ya yi santsi yana ƙyalli, kuma da sanyi da zafi duk ɗaya. In kuwa da safe yana tafiya garau, sai bayan rabin awa ya fara ja da ƙyar, giyabos mai aiki da mai ne ya gaji, irin K46 na Tuff Torq da ke cikin injina da yawa. A duba fankar roba da ke saman fulinsa, in fukafukanta sun karye ko ciyawa ta toshe jikin, zafi ne ke kashe shi. In ya ƙi motsi gaba ɗaya, kafin a kwance komai a duba sandar da ke baya wadda ake ja don tura inji da hannu, a tabbatar an mayar da ita. In kuma bayan an yi facin tayar baya ne abin ya faru, ɗan ƙarfen ki mai kusurwa huɗu da ke tsakanin shaf da wili ne ya faɗi.

Canza bel ɗin tafiya ya fi na kasko aiki. Kasko ya fita, a kulle birki don shi ke sassauta bel ɗin a mafi yawansu, a cire soket da ƙarfen da ke hana kulocin lantarki juyawa in akwai. A wasu sai an kwance sandar sitiyari don ta cikin zoben bel take bi. A lallaɓa wajen tsallake fanka. Injinan MTD masu fulin canza gudu bel biyu gare su na tafiya, na sama da na ƙasa, tare ake canza su. In ka ga baƙin mai a fulin inji, sil ɗin ƙasan kiranshaf ke yoyo, a gyara shi tukuna.

Mai Shagon Bel:
Akwai feshin nan da ake yi wa bel ya daina kuka.

Injiniya:
A bar shi a shago, Alhaji. Danƙo ne, ƙura da ciyawa suke manne masa, kuma bel ɗin da aikinsa ya zame lokacin sakin liba ba ya son danƙo.

Gargaɗi ga masu injinan Turai irin Castelgarden mai santimita 102 da buhu a baya: tsakanin wuƙaƙensu bel mai haƙora ne, kuma wuƙaƙen suna shiga hanyar juna. A wajen sakawa dole ɗaya ta tsaya a gicciye da ɗaya, digiri 90. In haƙori ya tsallake bayan an bugi dutse, wuƙa za ta sari wuƙa.

Shugaban Zaure:
Mamban ya sauke kasko ya turo bayani. An sami wayar ɗaurin gini a nannaɗe a shaf ɗin hagu, boris ɗinsa na ƙara. Hannun fulin matsi ya kama da tsatsa, sai da guduma ya motsa. Mai gadin da ke gefen fulin inji ya buɗe har yatsa biyu na shiga. Tsohon bel ya auna inci 96 da 'yan kai. Yana tambaya ko ya mayar da na ukun bayan gyara.

Oga Makanike:
Tsohon da ya miƙe ya ba da 96, to sabonsa 95 da rabi ne, ya nemi 144959 ya gwada shi da zanen kaskon. Na ukun ya juya shi ciki waje ya lanƙwasa tsawonsa duka. In ya ga wuri ɗaya da ya fi sauran laushi ko ya kumbura, zare ya tsinke, kada ya mayar. In lafiya lau ne ya iya rage ciyawar da shi kafin na gaske ya iso, kasko a sama.

Hannun matsin kada ya tsaya kan man feshi, ya kwance notin, ya goge mahaɗar da sanfefa, ya sa giris kaɗan, ya ɗaure yadda hannun zai motsa amma ba ya girgiza. Mai gadin ya lanƙwasa shi ya dawo milimita 3. Wuƙar hagu ya cire ta ya rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, in gefe ɗaya ya rinjaya ya wasa wannan gefen. Bayan awa biyu na farko da sabon bel ya kashe inji ya sake duba sifirin ɗin kebul, don sabon bel yana ɗan zama a kwarmi, a lokacin ake ƙara matse shi.